Idon Mutumin Cikin Ruwa

Rana ta yi ƙasa lokacin da ta ji motar mijinta ta tsaya a ƙofar tsohon gidan. Ba ta buƙaci leƙawa ba. Injin motar yakan yi tari kafin ya mutu, kamar dattijon da ke neman a matsa masa a kan benci. Tana kan tsani, allura a bakinta. Ta dubi hasken da ya rage a taga, ta auna shi da aikin da ya rage a gabanta. Zai isa, in dai ba a ja ta da surutu ba.

Sana'arta gyaran tsofaffin saƙa ce: dardumar salla da goshi ya cinye, labulen masallaci da rana ta ƙona, ƙyallen bango da asu ya huda. Mijinta ya yi rayuwarsa yana jan motar haya har bayansa ya ce ya isa haka, kuma shi ya laƙaba mata Likitan Tsumma. Sunan ya bi ta har masu kawo mata aiki suka ɗauka. Ita kuwa Direba take ce masa in ana wasa, Malam in magana ta yi nauyi.

Wannan aikin ya fi ƙarfin ɗakinta. Ƙyallen ya rufe bangon falo ɗungurungum, an kafe shi da ƙusoshi tun kafin a haife ta, in aka ce za a sauke shi kafin a gyara to sai dai a tattara shi a kwando. Jikar masu gidan, wadda ta gaji wurin bayan rasuwar kakarta, ta zo daga nesa, ta kwashe kaya, ta sa aka yanke wuta. Ƙyallen kaɗai ta bari, domin wani gidan adana kayan tarihi yana son sa. Ta damƙa mata mabuɗi ta ce, "Mama, ki mayar da shi yadda mai saƙar ya bar shi. Kar ki ƙara, kar ki rage."

Ruwan Ɗufana ne aka saƙa. Can sama ta dama ga jirgin Annabi Nuhu, dabbobi na leƙe biyu-biyu ta tagogi. Mai saƙar ya san iyakarsa. Inda Annabin zai tsaya, haske kawai ya sa da zaren zinariya. Kowace dabba ya ratsa wuyanta da jan zare siriri, dabarar masaƙan dā, don kada surar ta cika a ce mutum ya yi gasa da Mai halitta. Mutanen da ruwa ke ci kuwa, fuskokinsu a shafe suke kamar ƙwai. Ta san duk wannan. Ta gani a hannun waɗanda suka koya mata aiki, ta karanta a littattafai. Ba ta taɓa cire jan zaren nan ko ɗaya ba, ba ta kuma yi tunanin cika fuskar da aka bari a shafe ba.

Sai mutum ɗaya, ta hagu, daidai inda fuskarta ke kaiwa in ta hau tsakiyar tsani. Ruwa ya kai masa haɓa. Hannunsa ɗaya a miƙe wajen jirgi. Shi yana da hanci, yana da baki a ɗan buɗe, amma babu ido. Da ta ɗora gilashin ƙara girma a wurin, sai ga ramukan allura, ƙanana, a jere, sun yi zagaye biyu.

Mai gyara da ramuka take karatu. Rami yana nufin zare ya taɓa bi ta nan. Ke nan wannan mutumin an taɓa ɗinka masa idanu a kan saƙar, wani abu ya cire su. A cikin ramukan ta tsinto guntayen zare, baƙi da ruwan toka, bakinsu a tattaune, ba yankan almakashi ba. Ɓera, ta ce a ranta. A kuncinsa kuma akwai wani tabo mai launin tsatsa, wanda ta sha wahala kafin ta wanke. Ta ɗan yi mamakin ɓeran da zai hau bango, ya bar ulu mai taushi ko'ina, ya zaɓi ido. Amma ba a tambayar ɓera dalili, kuma an ce mata kar ta rage.

Idon dama ta gama shi tun da azahar. Tun lokacin falon ke warin laima. Ta ɗora laifin a kan rufin gidan.

"Likita, marar lafiyar bai farfaɗo ba har yanzu?"

Ya shigo yana kaɗa mabuɗin mota a yatsa. Ta cire allurar daga bakinta ta ce masa saura ido ɗaya. Ya ce magariba ta kawo kai, a bar shi sai gobe, shi ma ya ja mota da fitila ɗaya shekara da shekaru bai kashe kowa ba. Ta ce wannan ikon Allah ne, ba gwaninta ba. Ta riga ta haɗa launin zare da hasken yau, in ta bari gobe sai ta sake haɗawa, kuma idanun za su fito kamar na mutum biyu. Ya san in ta fara maganar launi babu mai sauko da ita. Ya jawo kujera ɗaya tilo da aka bari a gidan, ya zauna a gindin bango, ya tokare tsanin da ƙafarsa don kada ya zame.

Ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan naki ni yake kallo."

Ta ce kowa yake kallo, haka ake ɗinka ido, duk inda ka tsaya sai ka ga kamar kai yake bi.

"A'a, ni yake kallo. Kamar fasinjan da na wuce a ruwan sama ban tsaya masa ba."

Ta yi dariya ta ce to ya nemi gafararsa yanzu tun da sun haɗu. Ta soka allura.

Abu ɗaya take alfahari da shi a sana'arta, shi ne ƙullinta. Takan ɓoye shi ta bayan saƙa, ta zarge shi cikin zaren asali, har ita kanta in ta dawo nema ba ta samun bakinsa. Ɗinkinta ba ya warwarewa. Masu kawo mata aiki sun san haka, shi ya sa suke dawowa.

Yau aikin ya zo mata da sauƙi fiye da kima. Tsohon rami yakan yi gardama, ya toshe da ƙura, sai an lallaɓa shi. Waɗannan suna karɓar allura kamar ana jan ta daga bayan bango. Ta sa baƙin. Ta kewaye shi da ruwan toka. Hasken taga ya koma ja, sannan ya fara dushewa. Ta ɗauko farin zare ta sa ɗigon ƙarshe, ɗan hasken nan da ke sa ido ya zama ido. Ta ƙulle. Ta yanke. Ta ajiye almakashi a kan matakalar tsani.

Can nesa aka fara kiran salla.

Sai ta ji ɗigar ruwa.

Ɗis. Shiru. Ɗis.

Ta dubi rufi. A bushe yake. Warin laimar nan ya yi kauri, ya zama warin taɓo, da ƙarni irin na gindin rijiyar da aka daɗe ba a yashe ba. Kiran sallar yana nan, amma ya canza. Ya yi nauyi, yana zuwa a lanƙwashe, kamar yadda mutum ke jin magana in ya tsoma kansa a cikin ruwa.

Mijinta ya yi tari.

Ta ce, ba tare da ta duba ba, shi da motarsa ciwonsu ɗaya. Bai ba ta amsa ba. A zamansu duka bai taɓa barin tsokana ta wuce shi ba.

"Direba?"

Ta sunkuya. Daɓen falon yana ƙyalli. Baƙin ruwa ne kwance daga bango zuwa bango, ba ya motsi, ya shanye ƙafafun kujera. Jakarta, da wayarta a ciki, ta nutse a inda ta ajiye ta.

Yana zaune a miƙe. Ya ɗaga haɓarsa sama, yadda mutum ke yi in ruwa ya kai masa wuya. Idanunsa a buɗe. Hannunsa na dama yana tashi a hankali, ba da sonsa ba, yana miƙewa wajen wani abu a can sama.

Ta san wannan tsayuwar. Kwanaki ta yi tana kallon ta.

Ta juyo ga ƙyallen. Ruwan da ke haɓar mutumin ya sauka. Yanzu a ƙirjinsa yake. Wuyansa ya fito, da kafaɗarsa, da wuyan wata riga da babu wanda ya taɓa saƙa ta.

Ta dira daga tsanin. Ruwan ya kai mata ƙwauri, sanyinsa ya soki ƙashi. Ta kama mijinta ta hammata ta ja. Rigarsa sharkaf take. Ta ja da duk ƙarfinta, amma kamar an kafe shi da ƙusoshin da aka kafe ƙyallen. Ya buɗe baki. Ruwa ne ya fito, baƙi, da yashi a ciki.

"Malam. Malam, tashi."

Leɓɓansa suka motsa. Sai da ta kai kunnenta bakinsa.

"Likita," ya ce. "Ruwa."

A ƙirjinsa tana jin sa yana hawa, yana kurkur kamar tulun da ake cikawa.

Ta sake shi. Sakinsa ya fi komai wuya, amma ta sake shi, ta koma tsani. Tsanin ya girgiza. Almakashin ya zame daga matakala, ta ji faɗawarsa cikin ruwa. Ba ta tsaya lalube ba. Ta hau.

Idanun suna jiran ta.

A jiƙe suke. Ɗigon farin da ta sa yana rawa. Ruwan ƙyallen ya sauka zuwa cibiyar mutumin.

Ta zaro allura daga gefen mayafinta ta soka ƙarƙashin zaren. Ta ja. Allurar ta karye. Ta sa farce. Ta kankare, ta tsinka, ta nemi bakin ƙulli. Babu. Ita ta ɓoye shi.

Sai murya ta fito daga saƙar, ƙasa-ƙasa, daidai fuskarta. Ba ta da fushi. Muryar wanda ya gaji ce.

"Na daɗe."

Ta nemi tsarin Allah. Ta fara karanta abin da ta haddace, harshenta yana sarƙewa.

"Hannuna ya gaji. Ki bar ni in ga jirgin."

A ƙasa, mijinta ya fara kakari.

Ba ta da almakashi. Ba ta da allura. Ta dafa bango da hannu biyu, ta kai bakinta kan idon hagu.

Sanyi. Ɗanɗanon taɓo. Wani abu ya ƙifta a kan leɓenta.

Ta cije.

Zaren ya yanka mata dasashi. Ta ja da haƙori, ta tofar, ta sake cizo. Jini ya cika mata baki. Baƙin ya fita. Ruwan tokan ya fita. Ta ji mijinta ya ja numfashi guda, gajere, kamar ƙarar ƙofa.

Ta koma kan idon dama.

"Ɗaya," muryar ta ce. "Bar mini ɗaya. Ba zan dubi kowa ba. Jirgin kawai."

Ta tsaya.

Ba daɗewa ta yi ba. Numfashi ɗaya ne, ko biyu. Idon yana kallon ta, idon da ita ta ɗinka da hannunta, kuma abin da ke cikinsa ba mugunta ba ce. Ta yi tunanin hannun nan a miƙe tun kafin a haife ta.

A ƙasa kakarin ya ɗauke.

Shiru.

Ta cije idon dama har haƙorinta ya gamu da bango.

Wani abu ya saki. Tsanin ya kife da ita. Ta faɗi a kan kafaɗa, a kan busasshen daɓe. Kiran salla ya dawo garau, ladan yana kan kalmomin ƙarshe. Mijinta ya zame daga kujera ya faɗi ta gefe. Ta rarrafa, ta kife shi, ta dinga dukan bayansa da tafin hannu tana kiran sa da duk sunan da ta taɓa kiran sa. Ruwa ya kwararo. Ya sake kwararowa. Sannan tari.

Ta kama wuyan rigarsa ta ja shi a ƙasa har ƙofar gida. Ba ta waiwaya ba.

A waje mutane na wucewa zuwa masallaci, wani yana naɗe hannun riga. Su suka ɗauke shi. Wani daga cikinsu ya ja motar. A asibiti an zuƙe ruwa daga huhunsa, likitan ya ɗaga kwalbar ya ga yashi ya kwanta a gindinta, ya tambaye ta a wane kogi ya faɗa. Ta ce ba ta sani ba. Leɓenta ma sai da aka ɗinke, ɗinkin da ta duba a madubi daga baya ta ga ba shi da kyau.

Da aka tabbatar zai rayu, ta koma gidan da tsakar rana, ta buɗe kowace taga. Falon a bushe, ƙura ko'ina, har da sawun jan da ta yi masa. Almakashinta na gindin bango, ya yi tsatsa kamar ya shekara a cikin rijiya. Ta tayar da tsani ta hau. Ruwa ya koma haɓar mutumin. Fuskar babu ido. A cikin ramukan akwai guntayen zare, bakinsu a tattaune. A kuncinsa ga tabo mai launin tsatsa, daidai inda ta wanke wancan.

Ta daɗe tana kallon tabon.

Da yamma ta ari waya ta kira jikar gidan, ta tambaye ta yadda kakanta namiji ya rasu. Yarinyar ta yi mamakin tambayar. Ta ce a kujera aka same shi, a falo, likitoci suka ce ruwa ne a huhu. Kaka ba ta son zancen. Ta ƙara da cewa kakar tana da karyayyen haƙori a gaba, kuma har ta mutu ba ta yarda kowa ya zauna a gindin bangon nan ba.

Kakar ta cire idanun, amma ta bar ramukan. A gidan adana kayan tarihi kuwa akwai masu gyara, masu gilashin da ya fi nata, waɗanda su ma da ramuka suke karatu.

Washegari ta zo da shuɗin zare kala-kala. A karo na farko a sana'arta ta ƙara abin da mai saƙa bai sa ba. Ta ɗaga ruwan. Ta rufe baki, ta rufe hanci, ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya ta binne su ƙarƙashin igiyar ruwa, har goshi, har gashi. Hannun kaɗai ta bari a sama. Ta ƙulle da ƙullinta. Duk tsawon aikin tana sauraro. Babu abin da ya yi magana, kuma da ya yi, da ta fi samun sauƙi.

Jikar gidan ta zo ta duba, ta ce aiki ya yi kyau, kamar ba a taɓa shi ba.

Direba ya dawo gida. Ba ya iya kwanciya, a zaune yake barci, da matasai a bayansa. Motar tana ƙofar gida, tayoyinta sun sace. Idonsa na dama ba ya gani. Likitoci sun duba ba su sami komai ba, sai dai ruwa yana tsiyaya daga gare shi dare da rana, ba hawaye ba, wani ruwa mai sanyi. Ita ke share masa. Tana da ƙyallaye na musamman don haka, tana wanke su daban, domin warin taɓo suke yi. Ya daina ce mata Likita. Ba ya kiran ta da komai, sai ya jira ta juyo.

Wata rana da yamma tana share masa idon, ya riƙe hannunta.

"Jirgin yana kusa," ya ce. Muryarsa ba ta dawo ba, raɗa kawai yake yi. "Ba ki san kusancinsa ba. Kamar daga nan zuwa ƙofa."

Ya ƙara riƙe hannunta.

"Na ji lokacin da kika tsaya."

Ta so ta ce numfashi ɗaya ne. Ta so ta ce tsani ne ya girgiza. Ta ce, "Na tsaya, Malam."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya saki hannunta, ya juya lafiyayyen idonsa wajen taga.

"Da ni ne ma," ya ce, "da na tsaya masa."

Ruwan ya sake taruwa a gefen idon, ya gangaro. Ta ninke ƙyallen ta ɓangaren da ya bushe.